Idan malamin zane ya rasu: abin da ya kamata ɗalibansa su fara yi kafin maganar baje koli

Idan malamin da ɗalibai ke ƙauna ya rasu, yabo ne ke fara zuwa. Tsofaffin ɗalibai su yi ta ɗora hotunansa a Facebook, kowa na faɗin yadda Malam ya koya masa kallon haske da inuwa, kwaleji ta fitar da sanarwa, a taru a yi jawabai. Duk wannan daidai ne, kuma yana sanyaya zuciyar iyali. Sai dai a lokacin da ake cikin haka akwai ɗakuna biyu a kulle, ofishinsa na kwaleji da ɗakin zanensa, kuma abin da za a san mutumin nan da shi nan da shekara 30 yana cikinsu. Kwaleji za ta nemi ofishin kafin sabon zango. Idan haya yake yi, mai ɗaki zai nemi ɗakinsa. Galibin asarar da ake yi wa masu zane bayan rasuwarsu a watannin farkon nan take faruwa, kuma abin takaicin shi ne ba maƙiya ke yin ta ba, masoya ne masu gaggawa.

Kafin kowa ya taɓa makulli, a san masu kayan. Zane-zanen na magada ne. Kusancinka da Malam, ko da kai ne ka shekara goma kana wanke masa buroshi, bai ba ka ikon ɗaukar ko takarda guda ba. Ku je wurin iyali ku nemi izini a rubuce: su wa za su shiga, me za su yi, wa zai riƙe makulli, kuma wani daga cikin iyalin ya kasance a wurin duk ranar da aka buɗe ɗakin. Mallaka kuma iri biyu ce, mutane suna yawan cakuɗa su. Akwai mallakar zanen kansa, akwai haƙƙin buga hotonsa. Wanda ya sayi zane a hannun Malam tun yana raye zanen ya saya, haƙƙin buga shi a littafi ko a kalanda yana nan wurin magada sai idan an rubuta akasin haka. Yarjejeniyar Berne, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan haƙƙin mallakar ayyukan fasaha, ta sa mafi ƙarancin wa'adin wannan haƙƙi shekara 50 bayan rasuwar mai aikin, ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka kuma shekara 70 suke bayarwa. Saboda haka ko ɗan littafin tunawa za ku buga, sai da sa hannun magada.

Masu ganin takardun nan ɓata lokaci ne su duba abin da ya biyo bayan mutuwar mai zanen Amurka Mark Rothko a 1970. Cikin 'yan watanni mutum ukun da ya ɗora wa zartar da wasiyyarsa suka miƙa zanensa 798 ga gidan sayar da zane guda ɗaya, wasu a kan kuɗin da bai kai darajarsu ba. 'Yarsa ta kai ƙara, a 1975 kotu ta tsige su ta kuma yanke diyyar sama da dala miliyan 9. Mutanen nan kuwa abokansa ne na hira da zama.

Ofishin malamin kwaleji yana da tasa matsalar, domin kayan mutum uku ne a cakuɗe: nasa, na kwaleji, da na ɗalibai. Littattafan laburare da kwamfutar ofis da takardun sakamako na kwaleji ne. Ayyukan da ɗalibai suka kawo a duba musu nasu ne, a mayar musu. A wajen ɗakunan kuma akwai zanen da ya bayar aro, da wanda ke gidan sayarwa ba a sayar ba, da wanda ke wurin mai sa firam. Waɗannan su suka fi saurin ɓacewa, don shi kaɗai ya san inda suke. A bincika rasit da wasiƙu da saƙonnin wayarsa, a rubuta wa kowane wuri tun labarin yana da zafi.

Ranar da aka buɗe ɗakin zanen, kada a gyara komai. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin shara da kimtsawa, a daure. A fara ɗaukar hoton kowace kusurwa, kowane bango, saman tebur, cikin durowa, abin da ya liƙa a gefen taga, jerin da ya yi wa bututun fenti, zanen da ke kan tsayuwa bai gama ba. Wannan hargitsin shi ke nuna yadda yake aiki, da zarar an kimtsa shi kuwa ya tafi ke nan. Lokacin da aka kwashe ɗakin zanen Francis Bacon, wani shahararren mai zane, daga Landan zuwa gidan zane na Hugh Lane da ke Dublin a 1998, masana haƙar kayan tarihi aka sa suka zana taswirar inda kowane abu yake, aka lissafa abubuwa sama da 7,000. Ba wanda ke cewa ku yi haka, amma hoton rabin yini da waya mai kyau ba ya gagarar kowa.

Abu uku ne kaɗai ba a jira da su. Na farko tsummokaran da suka sha man linsid, wato man da ake haɗa fentin mai da shi. Man nan yana fitar da zafi yayin da yake bushewa, idan aka tara tsummokaran a dunƙule suna iya kama wuta da kansu ba tare da ashana ba. A zuba su a bokitin ƙarfe mai ruwa a rufe, a fitar waje. Na biyu gwangwanayen tina da sauran ruwan narkar da fenti, a toshe su a raba su da takardu. Wasu launukan ma guba ne, kamar farin dalma da jan kadmiyam da rawayarsa, don haka garin launi ba abin sharewa da tsintsiya ba ne, kuma ba abin bari yara su yi wasa da shi ba ne. Na uku zanen fentin mai da bai bushe ba. Ko sama ya daina kama yatsa, cikinsa yana iya ɗaukar wata 6 zuwa shekara guda, musamman inda aka labta fenti da kauri. A bar shi a tsaye inda iska ke shiga, kada komai ya taɓa fuskarsa, kada kuma wani ya ce bari ya shafa masa banish don ya yi sheƙi.

Sai rijista, wadda ita ce ƙashin bayan aikin duka. Kowane aiki ya sami lambarsa, haruffan sunan Malam da lamba, a jere yadda aka tarar da su, ba tare da ƙoƙarin tsara su bisa shekara ba. A takarda ana rubuta lambar da fensir mai laushi a baya, can ƙasa. A zanen kanbas ana rubuta ta a jikin katakon da aka ɗaure ƙyallen a kai, ba a bayan ƙyallen ba, domin tawadar biro da ta maka tana ratsawa a hankali har ta fito ta gaba. Abin da za a rubuta a rijistar an daɗe da daidaita shi: tsarin bayyana kayan fasaha mai suna Object ID da Cibiyar Getty ta Amurka ta fitar a 1997 yana neman nau'in abu, kayan da aka yi shi da su, awo, rubutu ko sa hannun da ke jiki, alamomin da suka bambanta shi, suna, abin da aka zana, shekara, da wanda ya yi. Awo da santimita, tsayi kafin faɗi, ba tare da firam ba. Inda babu suna a rubuta babu suna, kada a ƙirƙira masa. Inda shekarar kintace ce a rubuta cewa kintace ce da dalilinta. A duba kuma ko shi Malam yana da tasa rijistar a wani littafi, wasu suna yi. Shahararren mai zane Paul Klee ya fara lissafa ayyukansa da hannunsa tun 1911 ya ci gaba har ƙarshen rayuwarsa, shi ya sa masu bincike a kansa suka huta.

Ƙa'ida ɗaya da za ta ɓata wa wasu rai: babu abin da zai fita daga ɗakin, kyauta ko sayarwa, sai an gama rijista. Kowa zai so ɗan abin tunawa, iyali kuma cikin baƙin ciki ba sa iya cewa a'a. Littafin zanen gwaji shi ya fi shan wahala a nan, sai ka ga an yayyage shi an raba wa mutane shafi-shafi, alhali darajarsa tana cikin jerin shafukan, yadda tunani ya tashi daga wannan ya koma wancan.

Inda malamin koyarwa ya bambanta da sauran masu zane shi ne wajen tantance abin da yake nasa. Mutumin da ya shekara 25 yana koyarwa ya yaye mutanen da hannunsu ya yi kama da nasa, wasu har su kansu ba su sani ba. A ɗakinsa za a tarar da zanen da ya yi a gaban aji cikin minti 20 don nuna wata dabara, da zanen ɗalibi da ya karɓi buroshi ya gyara masa hanci ko sararin sama, da zanen da ɗalibi ya ba shi kyauta bai sa hannu ba. Idan aka tattara duka aka ce na Malam ne, an cuci ɗalibin, an kuma rage wa Malam daraja, domin mai bincike na gaba zai auna shi da aikin ɗan aji biyu. Mafita ita ce rijistar ta kasance da matakai: nasa ne tabbas, ana kyautata zaton nasa ne, na ɗalibi ne da gyaransa, ba a tantance ba. Hujja kuma ba wai "ni na san hannun Malam" ba ce. Hujja ita ce hoton tsohon baje koli da zanen ya fito a ciki, ko gwajinsa a littafin zane, ko rasit, ko shaidar mutum biyu da aka tambaya daban-daban. Yadda yake ɗaure ƙyalle a katako da irin farar shimfiɗar da yake fara sawa su ma suna taimakawa, shi ya sa ake ɗaukar hoton baya kamar yadda ake ɗaukar na gaba.

Kada kowa ya sa masa hannu a zanen da bai sa ba, ko da ɗansa ne, ko da kowa ya yarda nasa ne. Wannan jabu ne, kuma ranar da aka gano guda ɗaya sauran ma sun shiga zargi. Abin da ake yi shi ne hatimin magada a baya ko takardar shaida mai ɗauke da lambar rijista. Haka nan ba a ƙarasa masa zanen da ya bari rabi. Ɗalibin da ya fi kowa ƙwarewa shi ya fi shiga wannan jarabar, da kyakkyawar niyya kuma, amma zanen da ba a gama ba ya fi gamamme koyarwa, tun da ana ganin zanen farko da matakan launi a fili. Idan Malam mai buga zane ne da faranti ko katako, ko mai sassaƙa da ya bar abin zubi, iyali su yanke shawara tun wuri ko za a ƙara bugawa, guda nawa, a kuma rubuta a jikin kowanne cewa bayan rasuwarsa aka yi. Mai zanen Faransa Edgar Degas ya rasu a 1917 aka tarar da mutum-mutumi kusan 150 na kaki da yumɓu a ɗakinsa, magada suka sa aka zuba 74 da tagulla, har yau masana na muhawara a kan matsayinsu, domin shi bai taɓa zuba su ba.

Ajiya kuwa, abokan gabarta laima ne da haske da ƙwari da hannun mutane. A nemi ƙaramar na'urar auna laima a rataya. Tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 shi ne lafiya, idan ta daɗe sama da 65 fumfuna za ta fara. Hawa da saukar laima ya fi lambar kanta illa, domin ƙyalle da katako suna kumbura suna motsewa, fenti kuma ba ya bin su, sai ya tsattsage. Don haka ɗakin tsakiyar gida ya fi na ƙarƙashin rufin kwano ko gareji. Zanen kanbas a tsaye ake ajiye shi, a kan katako kamar santimita 10 daga ƙasa saboda ruwa da gara, nesa da bangon waje, fuska da fuska, baya da baya, da kwali mai kauri a tsakani wanda ya fi zanen girma. Kada ƙaramin zane ya jingina a tsakiyar ƙyallen babba, yana barin kumburi wanda ba ya komawa da sauƙi. Ledar nan mai ƙwayoyin iska idan ta kwanta a fuskar zane tana barin tambarinta, musamman a fentin akirilik da ke laushi idan an yi zafi. Kulle zane ruf a leda a wuri mai laima kuma kiwon fumfuna ne. Idan dole sai an naɗe kanbas, fentin ya kalli waje, a kan bututu mai faɗin santimita 15 ko fiye, domin naɗewa ta ciki tana matse fentin ya ɓarɓashe. Wani abu da ke tsorata mutane a banza: sabon zanen mai yana yin rawaya idan ya daɗe a duhu, kuma yana washewa idan ya yi 'yan makonni a ɗaki mai haske inda rana ba ta dukansa kai tsaye.

Takarda a kwance take zama, cikin jakar kwali marar asid, da farar takarda marar asid tsakanin kowane zane. A cire kilif da fin da roba, suna tsatsa suna narkewa. Salatif ba ya gyara yagewa, gam ɗinsa ratsa takardar yake yi ya bar tabo ruwan ƙasa wanda ko ƙwararre da ƙyar yake ragewa, laminatin kuwa ba ya da gyara sam. Zanen gawayi da na alli mai launi ƙura ce kawai zaune a kan takarda: ba a fesa musu man gashi, ba a sa su a leda ko a bayan gilashin roba, domin roba tana janye ƙurar. Gilashi na gaske ake sawa, da tazara tsakaninsa da zanen. Idan an ga fumfuna, a ware abin a busar da shi tukuna, gogewa da danshi cusa ta ciki yake yi. Littattafai da takardun da ƙwari suka shiga ana iya ƙulle su a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na mako guda, a bar su su huce a cikin ledar kafin a buɗe. Ba a yi wa zanen fenti haka. Wanka da ruwa ko sabulu ko dabarun da ake gani a intanet duk a bar su. Buroshi mai laushi ya isa ƙura, shi ma sai fentin bai fara ɗagowa ba. Wanda ke ɓarɓashewa a kwantar da shi fuska sama, a tara ɓarɓashin a ambulan mai lambarsa, a jira mai gyaran zane.

Hoton kowane aiki da fitila biyu ake ɗauka, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace a kusurwar digiri 45, kyamara daidai tsakiyar zanen, filasha a kashe, da katin launi a gefe don a iya daidaita launin wajen bugu. A ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gini daban. Adireshin imel ɗinsa na kwaleji kuma ba zai daɗe a buɗe ba, iyali su rubuta wa hukumar tun kafin a rufe shi.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan rabin mutumin ne. Ɗaya rabin, koyarwarsa, ba ta da firam, kuma ita ce ake mantawa. Klee ya koyar a makarantar Bauhaus ta Jamus daga 1921 zuwa 1931, ya bar shafi kusan 3,900 na bayanan darasi, waɗanda cibiyar da ke ɗauke da sunansa a birnin Bern ta ɗora a intanet. Yawancin malamai ba su rubuta ko kashi ɗaya cikin goma na haka ba, darasinsu yana kan ɗalibai. A tattara takardun aikin da yake rabawa, da tsarin kwas na shekaru daban-daban, da littattafan ɗalibai masu gyaransa a gefe, a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su. Sannan a zauna da tsofaffin ɗalibai a naɗi maganarsu, ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, domin a taro mai bakin magana ne ke cinye fili sauran su yi ta gyaɗa kai. A ɗebo daga kowane zamani, har da waɗanda suka bar zane da waɗanda ba su ji daɗin hannunsa ba. Tambayar "wane irin mutum ne Malam?" yabo kawai take haifarwa. Tambayoyin da ke fitar da abu su ne: wane aiki ya ba ku a makon farko, launi nawa ya yarda ku yi amfani da su, minti nawa yake bayarwa a zana mutum, me yake cewa idan aiki bai yi ba, wane abu ya hana ku wanda daga baya kuka gane dalilinsa. Kowa ya sa hannu a takardar amincewa. Rubuta hirar awa guda yana cin awa biyar ko fiye, a raba aikin tun farko, in ba haka ba muryoyin za su tsufa a wayar mutum ɗaya.

Bayan duk wannan ne maganar baje koli ta taso, kuma wanda aka ba shi wata tara zuwa shekara ya fi wanda aka haɗa cikin mako shida. Zaɓe ake yi: aiki 30 zuwa 40 masu ƙarfi sun fi 150 da aka cika bango da su don kada ran wani ya ɓaci. A haɗa da littattafan gwaji da takardun darasi, ayyukan ɗalibai kuma su sami sashensu da sunayensu. Kowane aron zane da takardar yarjejeniya, da hoton halin da ya zo a ciki, gaba da baya. Tsakiyar zane ta kasance santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, a rataye da ƙugiya biyu, babba kuma mutum biyu ke ɗauka ta gefe, ba ta saman firam ba. Hasken da gidajen tarihi ke bai wa takarda da fentin ruwa lux 50 ne (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), fentin mai 150 zuwa 200, kuma takarda ba ta wuce wata uku a bango, domin launin da haske ya cinye ba ya dawowa.

Idan za a kafa kyauta ko tallafin karatu da sunansa, a yi lissafi kafin sanarwa. Asusun da ake so ya dawwama kashi 4 zuwa 5 cikin 100 ake cirewa a shekara, ma'ana sai an tara ninki 20 zuwa 25 na abin da ake son bayarwa duk shekara. Idan kuɗin bai kai ba, gara a ce kyautar ta shekara biyar ce a cika alkawari.

Daga ƙarshe ayyukan za su rabu, wannan ba makawa. Gustave Moreau, malamin shahararrun masu zane Matisse da Rouault a makarantar zane ta Paris, ya bar gidansa da ayyukansa ga gwamnatin Faransa da ya rasu a 1898, aka buɗe shi gidan tarihi a 1903, ɗalibinsa Rouault ya zama mai kula da shi na farko. Irin wannan ba kasafai ake samu ba. Gidajen tarihi ba sa karɓar komai da komai, zaɓa suke yi, kuma sun fi sauraron wanda ya zo da rijista da hotuna a hannu. Kwalejin da ya koyar ita ce wurin da ya fi dacewa da takardun darasi da muryoyin da aka naɗa, amma a tambaya ko tana da ma'ajiya da ma'aikacin da ke kula da ita, domin zanen da aka rataye a ofishin shugaban sashe ba tare da takarda ba yakan bi shugaban idan ya tashi. Kowace kyauta a yi ta a rubuce, da lambar aikin, da sharaɗin ko ana iya sayarwa. A rijistar kuma a bar gurbi na ƙarshe ga inda kowane aiki ya tafi da ranar da ya tafi, kwafi ɗaya wurin iyali, ɗaya a laburaren kwaleji, ɗaya wurin ɗalibin da aka ambata da suna cewa shi zai riƙa sabunta ta.